Siririyar wufa da batirin raksha

Wannan makon ba maganar farashin riɗi ko canjin kuɗi za mu yi ba. Wasu iyaye biyu, ɗaya daga Mai Wurno, ɗaya daga wani ƙauye kusa da Managil, sun aiko mini da tambaya kusan iri ɗaya: yaro ya matsa sai an sa masa wufa a raksha, wai akwai wata siririya mai shiga ƙarƙashin kujera, a saya ko a bari? Ga masu karanta mu daga Kano ko Maraɗi, raksha ita ce A Daidaita Sahu a bakin mutanen Sudan. Wufa kuwa sifikar nan ce mai fitar da ƙugi, wadda kake ji a ƙirjinka tun kafin ka hango abin hawan.

Wani zai ce ai wannan maganar yara ce. A da, wataƙila. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, gidaje da yawa a Jazira da Sinnar sun rasa ababen hawansu. Wanda ka gani da raksha yau, galibi karo-karo aka yi masa, ɗan'uwa na Jidda ya turo, na Fot Sudan ya cika. Ita ce cefane, ita ce kuɗin magani. Duk abin da za a jona a batirinta ya shafi gidan gaba ɗaya.

Ƙugi dai iska ne. Faifan sifika yana tura iska gaba da baya, kuma gwargwadon kaurin sauti, gwargwadon iskar da sai an motsa. Shi ya sa tambari ya fi kalangu girma. Wufar da muka saba gani mai inci 10 tana da ƙaton maganaɗisu a baya, zurfinta yakan kai santimita 13 zuwa 15. Siririyar kuma an matse mata bayan ne, ta dawo kamar santimita 8 ko 9. Pioneer, JBL da Kicker duk suna yin irinta, musamman don motocin a-kori-kura masu ɗan wuri a bayan kujera, wato irin boksin Hilux ɗin nan namu. Ba yaudara ba ce, tana aiki, ko da yake yawancinsu ba sa kai ƙatuwar kaurin murya.

Abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba shi ne, zurfi kaɗai aka rage mata. Tana nan tana buƙatar akwati rufaffe mai iska a ciki, mai inci 10 kamar lita 12 zuwa 17, takardar cikin kwali za ta faɗa. Lissafin ba wuya: auna tsawo da faɗi da zurfin cikin akwatin da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000. Akwati mai 50 da 30 da 10 ya ba ka lita 15 ke nan. Cikinsa nake nufi, ba bayansa ba, don katako mai kaurin milimita 18 yana cin wuri ta kowane gefe. Kafintocinmu kuwa, Allah ya yi musu albarka, ramin da ke ƙarƙashin kujera suke aunawa, su buga falle-fallen katako daidai da shi, ba gam, ba toshe kafa. Sai ka ji abu yana kakkarwa kamar tsohuwar langa, yaro ya ƙara murya don ya rufe kakkarwar, sifika ta ƙone.

To, mu zo kan wuta, inda kuɗin yake. A kwali za ka ga an rubuta wat 1200 da manyan baƙaƙe. Rabu da wannan. Nemi inda aka rubuta RMS da ƙananan baƙaƙe, shi ne ƙarfin da take iya ɗauka a kai a kai, za ka iya tarar da 300 ne. Wat 300 a batir mai bolt 12 amfiya 25 ke nan, idan ka haɗa da abin da amfilifaya ke ɓatarwa a zafi ya doshi 30. Gaskiya ne kiɗa ba ya jan wannan kowane lokaci. Amma cajin raksha don fitila da hon da tayar da inji aka yi shi, batirinta kuma ƙarami ne. Inda aka fi kashe shi shi ne a tasha: an kashe inji don tattalin mai, ana jiran fasinja, kiɗa yana tashi. Batirin irin wannan ba ya son a zuƙe shi ƙaf, in aka yawaita ba ya sake riƙe caji. Alama ɗaya ta ishe ka, Alhaji. Ka tsaya gaban rakshar da dare, a kunna fitila, a saki kiɗa. In fitilar tana lumshewa da kowane dukan ganga, wutar ba ta isa ba. Wanda ya taɓa bin bakin tur'a, magudanan ruwan gonakin Jazira, cikin duhun damina ya san fitila ba abin wasa ba ce.

Waya ma a kula. Akwai mai launin tagulla a sama, cikinta alminiyom, in ka kankare da wuƙa sai ka ga fari. Kuma dole a sa fis kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya. Wayar da ba fis in ta gogi ƙarfe ta huje, gobara ce. Injin raksha a baya yake, dab da kujerar da ake cusa akwatin, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Amfilifayar da ba ta shan iska a irin wannan wuri ba ta daɗewa.

Ra'ayina ke nan. Boksi ko amjad, 'yar bas ɗin nan, a sa siririya mai inci 10 da akwati na ƙwarai, ba laifi. Raksha kuwa, in ya zama dole, a nemi ƙarama mai inci 8 da ta zo da amfilifayarta a jiki, RMS ɗinta bai wuce 150 ba, da sharaɗin ba kiɗa in inji a kashe yake. In kuma karatu da wa'azi da madihu ake sa wa fasinja, to kuɗin wufa asara ne, don muryar mutum ƙananan sifiku ne ke fitar da ita.

Sai kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraron ƙara mai desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Fasinja minti goma zai yi ya sauka. Direba tun asuba yake ciki har isha. In ɗanka ya ce kunnensa na yi masa ƙara in ya kwanta, ko sai an kira shi sau biyu, a rage tun yanzu, irin wannan jin in ya tafi ba ya dawowa. Na kuma sha ganin tsofaffi da masu jego sun bar raksha mai ƙugi ta wuce, sun tsayar da ta bayanta.

'Yan'uwana masu sauke kwalaye daga Dubai, jabun Pioneer ya yi yawa. Wadda ba a rubuta mata RMS da zurfi ba, kada ka ɗauka ko da araha. Kafin ka biya, danna faifan a hankali da yatsunka ta kowane gefe, in ka ji gurza, cikinta ya karkace. Sannan ka taɓa mata batirin tocila ɗaya, mai bolt 1.5, a bakin wayoyinta biyu. Lafiyayyiya za ta motsa sumul. Batirin nan a aljihun gaba nake ajiye shi duk lokacin da zan shiga sito.