Sikin ɗin Minecraft hoto ne kawai, ku daina bari ana tatsar ku

1/ Jama'a, ina da magana da masu buga Minecraft, da iyayen da ke miƙa wa yara waya alhali katin banki na ɗaure a ciki. Manhajojin nan masu cewa sai ka biya kuɗi duk mako kafin su ba ka sikin, wato kamannin ɗan mutumin da kake wasa da shi, tatsa ce tsagwaronta.

2/ Sikin fa hoto ne. PNG mai faɗin ɗigo 64, tsayi 64. An shimfiɗa kai, jiki, hannaye da ƙafafu kamar yadda tela ke shimfiɗa yadi kafin ya yanka, sai wasan ya naɗe shi a jikin ɗan mutumin. Nauyinsa ko na sitika ɗaya ta WhatsApp bai kai ba.

3/ Sa shi kuma kyauta ne. A waya: Dressing Room, Classic Skins, ka zaɓo hoton daga cikin wayarka. A Java: buɗe launcher, ka shiga Skins, ka ɗora. Za a tambaye ka hannu mai kauri irin na Steve ko siriri irin na Alex. Na Steve ɗigo 4 ne, na Alex 3. In ka zaɓi wanda bai dace da zanen ba, sai ka ga hannun ya fito a karkace. Iyakar wahalar ke nan wallahi.

4/ To a kan wannan ne a 2020 kamfanin Avast ya bankaɗo manhajojin Minecraft a Play Store masu ba da gwajin 'yan kwanaki, daga nan su fara zarar dala 30 duk mako. Wasan kansa a waya bai kai dala 10 ba! Kuma goge manhajar ba ya tsayar da cirar kuɗin, sai an shiga Play Store an soke rijistar. Yaro ya goge, uba na ta ganin alat.

5/ Wani zai ce ai Marketplace ma da kuɗi ake saye. Eh, amma sau ɗaya kake biya, kuma mai zanen na samun rabonsa. Ban da ja da wannan.

6/ Abin da ya fi min ciwo, muna biya don mu yi kama da wasu. A 2022 Mojang ta ƙaro mutum bakwai kan Steve da Alex, har da Zuri, Makena da Efe. Madalla. Amma babu mai kaftani a cikinsu. Alhali sikin na da shafi na biyu a saman jiki, wanda aka tanada don hula da riga. Nan za ka zana hular zanna, ko rawani, ko hijabi, da kowace manhajar zane da ke iya ajiye PNG mai bango fayau. Yamma ɗaya ta isa.

7/ Microsoft ma ba ta tsira ba. Ta sayi Mojang dala biliyan 2.5 a 2014, amma har yau mai Xbox, PlayStation ko Switch ba ya iya ɗora hoton da ya zana da hannunsa. Haba.

8/ In ka sa naka abokinka ya ce bai gani ba, ya duba saitinsa ya kashe Only Allow Trusted Skins.