Jarirai Masu Ciwon Zuciya: Har Yaushe Za Mu Dogara da Bara?

Da wuya a sami wani a cikinmu wanda bai taɓa jin irin sanarwar nan a rediyo ko ya ga hotonta a waya ba: ga jariri kwance, an ce an haife shi da huji a zuciya, likitoci sun ce sai an kai shi Indiya, ana neman miliyoyin nairori, don Allah jama'a a taimaka. Masu tausayi su jefa abin da ya sawwaƙa. Wani lokaci kuɗin su cika, a tafi a dawo da murna. Sau da yawa kuwa kafin a haɗa rabi sai a ji sanarwa ta biyu, ta ta'aziyya. Lalle rai da ajali suna hannun Allah, amma Shi ne kuma Ya umurce mu da neman magani. Abin da nake so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai a kai shi ne, al'ummar da ta bar ran jariranta a bakin ƙoƙon bara ta yi sakaci, kuma gyaran wannan sakaci bai fi ƙarfinmu ba.

Bari mu fara da sanin cutar, gama rashin sani ya fi dare duhu. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a dama masu tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, biyu a hagu masu rarraba jinin da ya sha iska zuwa sauran jiki, da shamaki a tsakaninsu. Wannan gini yana kammaluwa ne cikin makonni 8 na farkon ciki, watau sau da yawa tun kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu. In an sami tangarɗa a lokacin, sai a haifi yaro da ɓula a shamakin, ko da ƙuntatacciyar ƙofa, ko kuma manyan jijiyoyin nan biyu masu fita daga zuciya su yi musayar wuri. Kusan jariri 1 cikin kowane 100 da wannan ake haihuwarsa, a kowace ƙasa, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan suna bukatar aiki tun kafin su cika shekara. A ƙasa kamar Nijeriya, inda haihuwa ta haura miliyan 7 a shekara, ƙaramin lissafi ya isa ya nuna mana cewa maganar yara fiye da dubu 50 ake yi duk shekara. To, nawa ne daga cikinsu hotonsu yake isowa wayoyinmu?

Wannan ciwo kuwa an daɗe da gano bakin zarensa. A 1938 Robert Gross ya ɗaure wata jijiya da ta ƙi rufewa bayan haihuwa a jikin wata yarinya a birnin Boston na Amurka, ta warke. Ran 29 ga Nuwamba 1944, a asibitin Johns Hopkins, aka yi wa wata jaririya 'yar wata 15 aikin da ya buɗe wa jininta sabuwar hanya zuwa huhu. Likitar yara Helen Taussig ce ta kawo shawarar, Alfred Blalock ya riƙe wuƙa, amma wanda ya tsaya a bayansa bisa 'yar kujera yana nuna masa inda zai sa zare shi ne Vivien Thomas, baƙar fata, tsohon kafinta, wanda talauci ya hana shi karatun likita, shi ne kuwa ya ƙware a kan aikin a ɗakin gwaji. A 1953 John Gibbon ya yi nasarar amfani da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu har likita ya gama ɗinki a cikin zuciyar. A 1975 kuma Adib Jatene ya mayar da jijiyoyin nan masu musayar wuri kowace mazauninta, a birnin Sao Paulo na Birazil, ƙasar da ita ma a lokacin cikin masu tasowa ake lissafa ta. Sakamakon wannan duka shi ne, a inda ake yin aikin a kan lokaci, mafi yawan yaran nan suna girma, su yi karatu, su yi aure, su haifi nasu.

Kada kuma wani ya ce abin na Turawa ne kaɗai. Tun ran 1 ga Fabrairu 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, inda Fabian Udekwu da abokan aikinsa suka haɗa hannu da Magdi Yacoub, ɗan asalin Masar. A Gana, Kwabena Frimpong-Boateng ya baro Jamus ya koma gida ya kafa cibiyar zuciya a Korle Bu. A 2007 aka buɗe cibiyar Salam a gefen Hartum, inda ake yin aikin kyauta, a 2009 kuma aka buɗe ta Shisong a Kamaru da ta Aswan a Masar. Ashe ilmin ya daɗe da isowa nahiyarmu. Abin da ya hana ruwa gudu a wurinmu shi ne aikin yakan tashi ya kwanta, yau akwai kayan aiki babu ma'aikata, gobe akwai ma'aikata injin ya lalace, har shekara 50 ta wuce iyaye suna ta neman biza.

Ni a ganina wurin da ya kamata a fara gyara shi ne ɗakin haihuwa, tun kafin a kai ga ɗakin tiyata. Yaro mai irin wannan ciwo yana da alamu: in ya kama nono sai ya saki yana haki, gumi na tsattsafo masa a goshi, numfashinsa da sauri, ba ya ƙiba, tari da ciwon haƙarƙari ba su rabuwa da shi. Wani harshensa da dasashinsa su yi duhu, abin da ke da wuyar ganewa a fatarmu in ba an buɗe bakin an duba ba. Wani in ya fara tafiya sai a ga yana yawan tsugunawa don ya huta. A gida sai a ce tamowa ce, ko a ce nonon uwar ne ba shi da kyau, ko a ɗora wa mayu. A ƙaramin asibiti kuma a yi ta ba shi maganin tari ana sallamarsa. Alhali kuwa lokaci shi ne jarin yaron nan. Wanda jijiyoyinsa suka yi musayar wuri, cikin makonni biyu ko uku na farko ake so a yi masa aiki. Mai babbar ɓula kuwa, in aka bar jini yana ta kwarara cikin huhunsa da ƙarfi har tsawon shekaru, jijiyoyin huhun sukan taurare, a kai matsayin da ko an tara kuɗin duniya likita ba zai yarda ya rufe ɓular ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa jariri a hannun dama da ƙafa bayan ya kwana ɗaya a duniya, cikin 'yan mintoci ta faɗi yawan iskar da ke cikin jininsa, ba allura, ba zafi. Tun 2011 Amurka ta sa wannan awo cikin gwajin da ake so a yi wa kowane jariri. Ba ta kama kowane irin ciwo, amma tana kama da yawa daga cikin masu saurin kisa, tana kuma tona asirin cutar huhu da ta jini, waɗanda su ma suna ɗauke mana jarirai. Kuɗinta bai kai na tayar motar babban jami'i ba. Me zai hana a ajiye ta a kowane ɗakin haihuwa, a koya wa ungozomomi aiki da ita, a kuma tanadi na'urar hoton zuciya da wanda ya iya karanta ta a kowane babban asibitin jiha?

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi: ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da yunwa suke kashe yara ba adadi, ina ita ina tiyatar zuciya? Kuɗin aikin yaro guda ai ya sayi gidan sauro na ƙauye sukutum. Amsata ita ce, da gidan sauron ake saya da kuɗin da an ce an yi hikima. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, Nijeriya mai masaukin baƙi ba ta taɓa cika shi ba. Kuɗin tiyatar kuma ai ana kashe su, sai dai a asibitocin Indiya da Masar, bayan an sayar da gona da shanu. Sa'an nan asibitin da ya iya aikin zuciyar jariri dole ya kasance da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'ajiyar jini, da iskar shaƙa, da ɗakin kulawa ta musamman, waɗanda mai naƙuda da wanda ya yi haɗarin mota duk za su ci moriyarsu.

Ayarin likitocin waje masu zuwa su yi mako biyu su koma, mun gode musu, Allah Ya saka. Amma jariri ba ya duba ranar zuwan baƙi kafin ya faɗo duniya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gara a zaɓi cibiya ɗaya ko biyu a Arewa a zuba musu ƙarfi, su riƙa aiki kowane mako, da a ce kowace jiha ta sayi inji a yi bikin buɗewa a rufe da ƙyalle, domin hannun da ke aiki kullum shi ne ke ƙwarewa. A kuma sa aikin cikin inshorar lafiya, yadda talaka zai shiga ba tare da ya tsaya gaban kyamara yana hawaye ba. A gefe guda a tsananta rigakafin cutar rubela, ƙanwar baƙon dauro, wadda in ta kama mai sabon ciki takan lalata zuciyar ɗan tayi, a kuma kula da masu ciwon sukari tun kafin su ɗauki ciki.

Saura mu, ya ku 'yan'uwa ɗalibai. Labarin Vivien Thomas ya isa ya koya mana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan mai riƙe wuƙa akwai mai sa barci, da mai kula da injin, da ma'aikaciyar jinyar da za ta kwana a kan yaron, da injiniyan da zai gyara na'ura in ta tsaya. Dukansu daga azuzuwan nan namu za su fito, in har ba mu kwashe takardunmu mun bi jirgi ba. Masu nazarin Hausa su zauna da ɗaliban likitanci su tsara bayanin alamun nan da harshen da iyayenmu mata za su gane. Ƙungiyar ɗalibai ta sa ranar ba da jini a kowane zangon karatu, ta kuma riƙa tambayar 'yan majalisar da ke zuwa neman ƙuri'unmu inda aka kwana a kan kasafin lafiya. In mun je hutu kuma muka ga ƙanƙanin yaro yana haki a kan nono, mu ce a kai shi a duba zuciyarsa, mu raka su in ta kama.

Sadaka alheri ce, kada mu fasa ba da ita ga wanda ya miƙo hannu yau. Amma mu yi aikin da zai sa ɗan da za a haifa gobe ya sami magani a ƙofar gidansu, a matsayin haƙƙinsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.