Raddi Ga Masu Cewa Cin Jibi Na Farko Biki Ne Kawai

A ɗarikar Katolika, galibi yaron da aka yi wa baftisma yana jariri ba ya karɓar gurasar da Fada ya tsarkake a lokacin Misa sai ya yi hankali, ya halarci ajin katikisim, ya kuma furta zunubansa a gaban Fada. Ranar da ya fara karɓa ita ake kira cin jibi na farko. Fafaroma Pius na Goma ne ya sauko da shekarun zuwa wajen 7 a 1910, domin kafin nan a wurare da dama sai yaro ya kai 12 ko fiye. A Poland da Italiya da Sifaniya galibi cikin watan Mayu ake yi. 'Yan mata su sa fararen riguna da lulluɓi, samari su sa kwat, su jera a gaban bagadi hannu a haɗe, daga nan dangi su taru a ci a sha, a ba yaro carbi da kuɗi.

Rigima tana tashi ne inda aure ya mutu, ko inda addinin iyaye ya bambanta: uba yana so uwa ta ƙi, ko kaka ta sa sunan jikanta a ajin katikisim ba da sanin mahaifiyarsa ba. Da zarar labari ya fita, jama'a sukan yi caa a kan wanda ya ƙi, a ce ƙeta ce da son zuciya. Hujjojinsu kuwa ba sa tsayawa idan aka auna su da dokar cocin da suke ganin suna karewa.

Suka ce biki ne na yini ɗaya, mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Wannan magana ta fi ɓata wa Katolika rai fiye da kowa, domin a aƙidarsu abin da yaron ya karɓa jikin Almasihu ne, ba alama ba ce kurum. Kundin dokokin cocin na 1983, a doka ta 920, ya wajabta wa duk wanda ya fara cin jibi ya riƙa karɓa aƙalla sau ɗaya a shekara, a lokacin Ista. Ke nan daga ranar an ɗora wa yaro farillar da za ta bi shi har tsufa. Uwar da ta ce a dakata ta fahimci nauyin al'amarin fiye da masu zaginta. In abu ne mai girma, tana da haƙƙin a shawarce ta; in kuwa walima ce kawai, babu dalilin raba zumunci a kanta.

Suka ce ai tun ranar ɗaurin aure aka yi alkawarin rainon 'ya'ya a Katolika. A da haka ne, idan ɗaya daga cikin ma'auratan ba Katolika ba ne ana neman alkawari daga miji da mata duka. Amma Fafaroma Paul na Shida ya sauya wannan a 1970, kuma doka ta 1125 ta tabbatar da sauyin: ɗan Katolikan ne kaɗai yake alkawarin yin iyakar ƙoƙarinsa, shi kuwa ɗayan sanar da shi ake yi, ba a ɗaukar masa rantsuwa. Iyakar ƙoƙari yana nufin lallashi da kyakkyawan misali da haƙuri. Bai haɗa da munafunci ba. Wanda ya ce da ɗa mai shekara 7, «Kada ka gaya wa Mama inda muke zuwa ran Asabar», ya koya masa ƙarya a daidai makonnin da ake shirya shi ya furta zunubi karo na farko. Wannan ɓarna ce da farar riga ba ta rufewa.

Akwai inda masu wannan ra'ayi suke da gaskiya, kuma adalci ne a faɗa. Doka ta 914 ta ce a gaggauta kai yaro ga jibi da zarar ya shirya, kuma doka ta 868 ta yarda a yi wa jariri baftisma da amincewar ɗaya daga cikin iyaye. Sai dai doka ta 914 ɗin ta ɗora nauyin a kan iyaye da waɗanda suka tsaya a matsayinsu, ta kuma ba Fada ikon dakatar da yaron da bai ga ya shirya ba. Kakar da 'yarta take raye, take riƙe da ɗanta, ba ta cikin waɗannan, komai tsananin ƙaunarta. Jinkirin shekara guda kuma ba ya fitar da yaro daga coci, tunda baftisma ce ƙofar shiga, kuma manya ma suna cin jibi na farko.

Suka ce yaron da bakinsa ya ce yana so. Maganarsa abin ji ce, kuma Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta tanadi haka a sashe na 12, amma ta ce a auna ra'ayinsa da shekarunsa da hankalinsa. Sashe na 14 ya ba iyaye damar yi masa jagora a sha'anin addini. Yarinyar da duk ƙawayenta na aji suke gwada riguna za ta so nata, kuma ɗan da ke tsakanin gida biyu yakan faɗa wa kowane abin da zai faranta masa. Aikin manya ne su gano ko so ne na imani ko tsoron zama saniyar ware.

Suka ce harkar coci ce, ina ruwan kotu? Inda iyaye biyu suke da haƙƙin riƙo tare, tarbiyyar addini tana cikin manyan shawarwarin da ɗaya ba ya yankewa shi kaɗai. Jamus ta tsara wannan tun 1921: mahaifi ɗaya ba ya sauya wa yaro ɗarika sai da yardar ɗayan, idan sun kasa daidaitawa kotu ta shiga, kuma dole ta saurari yaron da ya kai 10. Daga shekara 12 ba a sauya masa ɗarika in bai yarda ba, a 14 kuwa zaɓi ya koma hannunsa gaba ɗaya. A 2022 Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta amince da hukuncin kotunan Italiya da suka hana wani uba, mabiyin Shaidun Jehobah, tsunduma 'yarsa cikin hidimomin addininsa, ba don an fifita wata aƙida ba, sai don an ga ja-in-jar iyaye tana cutar da yarinyar. Ma'aunin da ya kare uwar yarinyar a waccan shari'a shi ne zai kare uwar da ba Katolika ba idan ta nemi a dakata da jibin ɗanta har a sasanta.