DAGA HINDAWIYYA: Riyal ya shigo, amma na wa ne?



Kusan duk gidan da ka shiga a Hindawiyya akwai yaro ko yarinya da ya zama bankin gida. Shi ne iƙamarsa ke da rai, shi ke da hisabi, shi ya iya jawwal. Goggo ta sayar da turare, lambarsa za ta bayar. Kawu mai tsire a Shara Mansur ya yi ciniki, lambarsa dai. Tunda STC Pay ta fito a 2018 (yanzu ta koma STC Bank), sannan babban bankin Saudiyya ya kawo Sarie a 2021, tura kuɗi ya zama kamar tura gaisuwa. Da lambar waya kawai ana iya tura har riyal 2,500 ba tare da an saka mutum cikin jerin mustafidai ba. Da ku nake yau, bankunan gida.

Tsofaffin dabarun kowa ya san su. Mai kira ya ce daga banki yake, katinka ya toshe, karanto lambar da ta shigo maka. Ko ya ce danna lamba kaza a Nafath. Kashe wayar kawai, halas. Hoton risit ma ba kuɗi ba ne, buɗe hisabinka ka gani da idonka.

Wadda ta fi damuna ita ce wadda kuɗin ke shigowa da gaske. Wani ya same ka a WhatsApp, da Hausarsa tsaf har da addu'a, ya ce yana son naira a Kano, zai ba ka riyal a farashi mai daɗi. Ka yarda. A daidai lokacin yana can a Haraj ya saka hoton wayar da bai mallaka ba, wani bawan Allah a Riyad ya ce zai saya, sai ya ba shi lambarka a matsayin wurin biya. Riyal 2,000 ya faɗo maka. Ka duba, ga shi nan kuwa. Ka kira Yaya a Kano ya tura naira. Ɗan damfara ya kwashe nairarsa ya toshe ku duka biyun. Mutumin Riyad ya jira waya shiru, ya kai ƙara. To sunan wa ke jikin kuɗin? Naka, ɗan uwa. Hisabinka za a daskarar, kai za a kira.

Ƙanwar wannan ita ce ta "kuskure": kuɗi su shigo, a kira ka ana marairaicewa, don Allah mayar, amma ta wata lambar daban. Kada ka mayar da hannunka. Kira bankinka su yi abin ta hanyarsu.

Ga wanda aka haifa a nan amma fasfonsa na Najeriya ne ko Nijar, maganar ta wuce asarar riyal. Dokar damfarar kuɗi ta 2021 ta tanadi ɗauri har shekara 7 da tara har riyal miliyan 5. Dokar halasta kuɗin haram kuwa, baƙon da aka kama da laifi ana fitar da shi daga ƙasar bayan ya gama wa'adinsa. Ya'ani Shumaisi, sannan jirgi zuwa garin da wasunmu a hirar kaka kaɗai muka san shi. Canjin kuɗi ba lasisi ma laifi ne mai zaman kansa, ko da ba a cuci kowa ba. Na san ana yi, na san dalilin yi, amma a sani.

Ni dai ƙa'idata, sunan da ya turo ya zama sunan wanda nake magana da shi. In ya ce "abokina ne zai turo", an gama ciniki. Goggo ta ji haushi sau ɗaya da na ƙi karɓa mata, ta huce kafin la'asar.

In abin ya riga ya faru, banki ne farko, ta lambar da ke bayan katinka, a cikin wannan sa'ar, ba gobe bayan an yi shawara da dangi ba. Kada ka goge hirar don kunya ko tsoro, ita ce shaidarka. Ka ɗauki hotonta da lambobin da risit, ka shigar da rahoto ta manhajar Kulluna Amn ko ka je ofishin shurɗa. Saƙon damfara na waya ana tura shi zuwa 330330. In bankin ya yi ta jan ƙafa, babban banki na karɓar ƙorafi a kansa.

Mutanenmu na gudun ofis, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai a wannan lamarin hukuma ta riga ta riƙe sunanka da lambar iƙamarka tun daga ranar da ka buɗe hisabin, don haka gara ka je da ƙafarka da hujjojinka kafin a aiko.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida mutanen gida.