A Hau Dutsen Kagoro Kafin Taɓo Ya Bushe

Ya kai mai karatu, idan ka tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ka dubi gabas, za ka hango wani dogon dutse ya tokare sama. Wannan shi ne Dutsen Kagoro, wanda mutanen wurin suke kiran ƙasarsu Gworok. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, a gefen yamma na tsaunukan Jos, kuma tsayinsa ya kai kimanin mita 1,200 daga saman teku. Dubban ɗalibai suna ganinsa kullum a hanyarsu ta zuwa makaranta, amma kaɗan ne suka taɓa taka shi. Ra'ayina shi ne ya kamata kowane ɗalibi mai lafiya ya hau shi da ƙafarsa, kuma ya yi hawan a ƙarshen damina, lokacin da hanya take cike da taɓo.

Na san za ka ce, "Malam, me ya sa ba za a jira rani ba?" Gaskiya ne yawancin baƙi suna zuwa Kagoro ne ranar 1 ga watan Janairu, domin bikin Afan. A lokacin ƙasa ta bushe, tafiya ba wuya. Sai dai kuma lokacin hunturu ne, hazo ya rufe ko'ina. Mutum zai sha wahalar hawa, ya isa ƙololuwa, ya duba ƙasa ya ga ƙura kawai. A watan Oktoba kuwa, ruwan sama ya wanke sararin samaniya tas. Daga sama za ka ga garin Kagoro a gindin dutse, ga Kafanchan da layin dogo can nesa, ga gonakin dawa da masara sun yi kore shar har iyakar ganinka. Abin da malamin labarin ƙasa ya zana maka a allo, ga shi a shimfiɗe a gabanka. Gani ya kori ji.

Amma babban dalilina shi ne taɓon kansa. A kan hanya za ka tarar da wurare masu ciyawa da ake zaton busassu ne. Da ka taka, sai ƙafarka ta nutse har idon sawu, ruwan sanyi ya cika takalminka. Kada ka yi tsaki. Tsaya ka tambayi kanka daga ina wannan ruwa ya fito. Iskar damina tana tasowa daga tekun Atlantika ɗauke da danshi. Idan ta ci karo da dutsen, sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwa mai yawa. Ciyawa da saiwoyin itatuwa da laka suna riƙe ruwan kamar soso, sa'an nan su riƙa sakinsa a hankali zuwa maɓuɓɓugai da ƙoramu. Ruwan da yake zubowa a Matsirga, kusa da Kafanchan, daga irin waɗannan maɓuɓɓugai na Dutsen Kagoro ya samo asali. Ashe taɓon da ya ɓata maka wando shi ne rumbun ruwan mutanen da ke ƙasa.

Wannan rumbu yana iya lalacewa. Idan aka sare itatuwa domin gawayi, aka cinna wa ciyawa wuta kowace shekara, ƙasa za ta kasa riƙe ruwa. Da damina sai ya gangaro gaba ɗaya ya zaizaye gonaki, da rani kuma ƙorama ta ƙafe da wuri. Wanda ya karanta wannan a littafi zai iya mantawa bayan jarrabawa. Wanda ƙafarsa ta nutse a dausayin dutse ba zai manta ba, kuma shi ne zai hana ƙaninsa ƙunar daji.

Iyaye suna da nasu tsoron, kuma tsoron yana da tushe. Duwatsu suna da santsi, akwai macizai a cikin ciyawa, ga kuma batun tsaro da ya daɗe yana damun kudancin Kaduna. Maganin haka shi ne shiri. Makaranta ta nemi izinin shugabannin gari, ta ji shawararsu game da hanya da lokaci, ta kuma samo ɗan gari ya yi ja-gora. A tashi da sassafe a ƙungiya, kowa da sanda da ruwan sha da takalmi mai kama ƙasa. Idan hadari ya haɗu, a juya, domin dutse ba ya gudu. A gaishe da mutanen da ke zaune a kansa cikin ladabi, kada a taka musu shuka, kada a bar leda ko ɗaya a baya.

Saboda haka, kafin damina mai zuwa ta ƙare, kai da abokan karatunka ku kai wa shugaban makarantarku wannan roƙo. Tufafin da suka yi taɓo, sabulu zai wanke su a rana ɗaya. Ilimin da za ku sauko da shi kuwa zai amfani garinku shekara da shekaru.