Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Ikilisiya Kan Lafiyar 'Ya'yanmu Masu Koyon Aikin Bishara a Ƙetare

Iyayenmu cikin Ubangiji, rabaran-rabaran da fastoci da dattawan ikilisiya na ƙasar Kankara da Faskari da Sabuwa, da duk masu alhakin aika ma'aikata, ina jinjina muku kan riƙon garke a wannan lokaci na rashin tsaro. Da girmamawa nake magana, amma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ba ta yi daɗi ba. Damuwata ita ce yadda ake tura samari da 'yan mata daga ƙauyukanmu zuwa Nijar ko Chadi ko Binin don koyon aikin bishara na wasu watanni, ba tare da an zauna an tsara abin da za a yi idan ciwo ya kwantar da su ba. Ranar sallama majami'a takan cika, Zumuntar Mata ta yi waƙa, dattawa su ɗibiya hannu, a miƙa wa yaro ambulan ɗin baiko da Littafi Mai Tsarki. A cikin jakarsa kuwa babu gidan sauro, babu katin rigakafi, babu sunan asibitin da zai nufa. Idan zazzaɓi ya kama shi a ɗakin da ke bayan majami'a, a garin da bai iya yarensu ba, abin da yakan samu shi ne farasitamol na kemis da saƙon waya cewa ya ƙarfafa bangaskiyarsa.

Na san amsar da wasunku za su bayar: waɗanda suka kawo mana bishara ba su da inshora, kuma ba su ja da baya ba. Gaskiya ne. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a watan Disamban 1893, kuma kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi, sai a 1902 aka samu kafa tasha a Patigi. Amma mu duba lokacin. Sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin a cikin sauro, wato waɗannan bayin Allah sun mutu ne tun kafin a san ta inda cutar ke shiga. Mu duba kuma abin da magadansu a ƙungiyar mishan ta SIM suka yi da wannan rashi. Sun yi gidan hutu a Miango domin ma'aikacin da ya galabaita, sun buɗe asibitin ido a Kano, sun kafa asibitin Galmi a Nijar a 1950, sun yi jinyar kutare a Babbar Ruga nan Katsina. Mutanen da suka binne 'yan'uwansu sun fahimci cewa tanadi wani ɓangare ne na biyayya. Wanda yake ambaton kabarin Gowans don ya kauce wa sayen gidan sauro ya ɗauki rabin tarihin ne ya yar da rabi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da ake jefa wa marar lafiya. Yaro ya dawo a rame kafin wa'adinsa, sai a fara raɗe-raɗi cewa ba shi da kira, ko akwai zunubin da ya ɓoye, ko bai yi azumi yadda ya kamata ba. A ina muka samo wannan koyarwa? Abafaroditas ɗan aike ne na ikilisiyar Filibi, ya yi ciwo har ya kusa mutuwa a bakin aiki, Bulus ya mayar da shi gida kuma ya umarci ikilisiya ta karɓe shi da murna da girmamawa, kamar yadda yake a sura ta 2 ta wasiƙar Filibiyawa. Bulus ɗin nan ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, ya ba Timoti shawara kan ciwon cikinsa, kuma a cikin abokan tafiyarsa akwai Luka likita. Addu'a ita ce ke riƙe zuciyar marar lafiya cikin dare a baƙuwar ƙasa, kuma ba wanda zai raba ɗan bishara da ita. Amma idan shugaba ya mayar da addu'a mafakar sakacinsa, yana koya wa yaro ne cewa faɗin gaskiya game da jikinsa abin kunya ne. Shi ya sa da yawa suke ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsu, kuma a ganina shi ya sa wasu ba sa sake waiwayar aikin.

Haɗarin kuwa sananne ne. Nijeriya kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma maƙwabtanmu ba su tsira ba. Sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya a 1996, yawancinsu a arewa, kuma Nijar da Chadi suna cikin yankin da cutar ke tashi duk bazara. Ga taifot daga ruwan sha, ga masu sikila da ake turawa ba a taɓa gwada jininsu ba. Hanyar dawowa ma ba ta da tabbas. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka tsawon watanni. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Kankara da Faskari da Sabuwa. Uwa a ƙauyenmu Mabai ta yaya za ta ji labarin ɗanta a irin wannan hali, in ba a riga an ajiye wani amintacce da zai kai mata saƙo ba?

Za ku ce babu kuɗi, kuma ba zan musa ba. Mutanenmu sun bar gonaki saboda 'yan bindiga, wasu gidajen sun sayar da shanu don biyan kuɗin fansa, baiko ya ragu, naira kuma ta faɗi tun 2023 har ɗan guzurin da ake bayarwa ba ya zama komai idan an canza shi zuwa sefa. Amma wannan hujja ce ta rage yawan waɗanda ake aikawa. Gara a tura biyu da cikakken shiri da a tura goma don rahoton taron shekara ya yi kyau. Gwajin jini da allurar shawara da ta sanƙarau da gidan sauro ba su kai kuɗin kujeru da lasifikar da muke saya ba tare da jayayya ba. Hukumar aika masu bishara ta EMS, wadda aka kafa tun 1948, ta daɗe tana aika 'yan ƙasa zuwa wurare masu wuya, kuma neman shawarar irin waɗannan hukumomi ba ƙasƙanci ba ne. Wani lokaci nakan ji kamar maganar nan za ta bi iska kamar sauran, don ba yau aka fara yin ta ba. Wani lokaci kuma nakan tuna cewa Zumuntar Mata kaɗai, in aka ba ta amana, za ta iya riƙe asusun jinya.

Ina roƙonku, kafin sallama ta gaba, kowane yaro ya ga likita, a rubuta sunan asibiti mafi kusa da inda zai zauna, a ware kuɗin dawo da shi, a naɗa dattijo ɗaya da zai riƙa kiransa yana tambayar lafiyar jikinsa. Wanda kuma ya dawo da ciwo, ku tsayar da shi gaban ikilisiya ku gode masa da bakinku.

Naku cikin Almasihu,
Ɗan ikilisiya daga Mabai