Jamusanci da Nazarin Hausa: Darasi Daga Fagge da Sabon Gari

Tun zamanin da ayarin raƙuma ke sauka a zangon Fagge, mutanen unguwar suka san darajar tafinta. Yau ma haka abin yake. A Kantin Kwari ana ciniki da Larabci da Faransanci, a Wapa ana canjin kuɗin Turai, a Sabon Gari kuwa, wadda ta bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ɗan kasuwa kan tsinci harshen abokin cinikinsa don kada a yi masa sakiyar da ba ruwa. Wannan hikima ta kasuwa ce ya kamata sassan nazarin Hausa su ara dangane da Jamusanci, domin wani yanki na adabin Hausa da tarihinta yana kulle cikin wannan harshe.

Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya bar bayani mai tsawo kan kasuwarta da rininta. Littafinsa ya fito da Ingilishi tun farko, shi ya sa kowa ke ambatonsa. Paul Staudinger kuwa, da ya ratsa ƙasar Hausa a 1885 zuwa 1886, ya wallafa nasa a 1889, amma sai a 1990 aka sami fassararsa ta Ingilishi. Shekara ɗari ke nan littafin yana nesa da jikokin waɗanda ya bayyana.

Lamarin adabi ya fi wannan nauyi. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga da Kete-Krachi, ya rubuta wa Adam Mischlich bayanai da ajami kan al'adu da tarihin Hausawa. Mischlich ya fitar da ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906. Rudolf Prietze ya tattara karin magana da waƙoƙi, ya buga su tun 1904 tare da sharhi da Jamusanci. A zamanin nan ma, nahawun Hausa da Ekkehard Wolff ya wallafa a 1993 da Jamusanci yake. Ɗalibin da bai iya harshen ba, sai dai ya dogara da abin da wani ya ce an ce.

Za a iya cewa na'urar fassara ta kawar da wannan buƙata. Sai dai na'ura ba za ta gane inda Bajamushe ya ji kalma a karkace ba, ko inda ya fassara habaici a matsayin zance na zahiri. Gano irin wannan sai Bahaushen da ya sha harshensa a nono, ya kuma ƙware a Jamusanci har ya iya karanta tsohon salon rubutunsa. Kwas ɗin wata uku ba ya kai mutum nan. Digiri na biyu ko na uku ne ke kai shi.

Hanya kuwa a buɗe take. Jami'o'in Ibadan da Ife da Nsukka suna koyar da Jamusanci, hukumar DAAD tana ba da tallafin karatu, jami'o'in Hamburg da Frankfurt da Leipzig kuma sun daɗe da nazarin Hausa. Abin da ya rage shi ne Jami'ar Bayero da takwarorinta su zaɓi 'yan ɗalibai masu hazaƙa, su ɗaure musu gindi su yi karatun, bisa sharaɗin su dawo su fassara waɗannan ayyuka kai tsaye zuwa Hausa tare da tahakiki.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Rubuce-rubucen Alhaji Umaru da waƙoƙin da Prietze ya tattara sun fi ƙarni a baƙunta, kuma ba za su komo gida ba sai an horar da tafintan da za su je su ɗauko su.